Kakar Haya a Gonar Fontebigia

Ɗakin da baƙi suka fi rububin kamawa a gonar Fontebigia, wanda tagarsa ke kallon hasumiyar garin Montecorbo, nan ne shanun uban Ersilia suke kwana a da. Ita ce ke kwashe kashinsu kowace safiya tun tsayinta bai kai na cebur ɗin ba. Shi ya sa in ta ga wata Bajamushiya ta fito daga ɗakin tana miƙa, tana rantsuwa ba ta taɓa samun barci mai daɗi irin wannan ba, sai Ersilia ta taɓe baki ta ce a ranta, ai su ma shanun ba su taɓa kuka da wurin ba.

A saman wannan ɗakin shanun aka haife ta, don a gidajen gona na yankin Tuskani a wancan zamani dabbobi ne a ƙasa, mutane a sama, ɗumin shanu yana hawowa ta tsagar katako tare da warinsu. Ubanta Settimio manomin raba-daidai ne. Gonar ta gidan Konte ce, masu sarautar gado da suka mallaki duk tuddan da suka kewaye garin. Abin da aka noma, alkama ko inabi ko zaitun, sai a kasa biyu, Konte ya kwashi rabi alhali bai san nauyin fartanya ba. Ban da wannan ga gaisuwa ta dole: kaji a Kirsimeti, ƙwai a Ista, cinyar alade in an yi yanka. Ko aure mutum zai yi sai wakilin Konte ya yarda, don kada bakunan ci su fi hannuwan aiki yawa.

Ersilia ta zama budurwa a shekarun da manoma suka fara ɗaga kai. Settimio ya shiga ƙungiyar manoma, kuma ranar sussukar alkama ya kafa jar tutar ƙungiyar a kan tarin ciyawa. Da sanyi ya shigo sai ga wakili a mota, ya zo sanar da shi cewa ya tattara nasa ya nasa ya bar gonar. A cikin motar akwai ɗan Konte, Ademaro, saurayi sa'an Ersilia, wanda ya biyo wakili don shan iska kawai. Bai ko sauko ba. Ya kishingiɗa yana fito, yana shafa kan karensa. Settimio kuwa, mutumin da ya kafa tuta jama'a na kallo, ya tsaya a tsakar gida ya cire hula ya riƙe a ƙirji, yana cewa "ranka ya daɗe" har motar ta juya. Ersilia tana tsaye a kan matakala tana kallo. Ba ta san wanda ya fi ba ta haushi ba, mai fiton ko mai hular.

Ranar da suka ɗora katifu da tukwane a keken shanu, uwarta kuka take yi kamar an yi mutuwa. Ersilia ko waiwaye ba ta yi ba. Ta samu aiki a masana'antar ɗinkin wanduna da aka buɗe a kwari, ta auri Foresto direban bas, mutum mai sanyin hali da ba ya musu da kowa, suka kama gida a sababbin benaye da ke gindin dutsen da garin yake a kai, kusa da babban kanti. Akwai lif mai hawa da mutum sama, akwai ruwan zafi a famfo, akwai ƙarfen ɗumama ɗaki a jikin bango. Duk Montecorbo ba wanda ya so gidansa kamar yadda Ersilia ta so wannan kwalin siminti. Ta yi alkawarin hannunta ya bar taɓa ƙasa har abada, ko tukunyar fure ba ta yarda an ajiye mata a baranda ba. Taliya kuwa ta leda take saye, tana mai alfahari da hakan. In maƙwabta suka fara yabon rayuwar da, wai iska mai kyau, wai abinci mai lafiya, sai ta ce, "Ku koma mana. Wa ya riƙe ku?"

Haka ta rayu har ta yi ritaya, har Foresto ya rasu. Gashinta kullum a rine yake ja, wando take sawa, tana shan sigari ɗaya bayan abinci, tana kallon gasar kacici-kacici a talabijin tana zagin waɗanda suka kasa amsa.

Ɗanta guda ne, Nedo. Yaro ne mai taushin zuciya irin na ubansa, kuma ya je Milano ya auro Ombretta, wadda ta yi karatun talla, mace siririya mai murmushin da ake kunnawa ana kashewa kamar fitila. Su biyun ne suka zo wata Lahadi, Nedo idanunsa cike da ƙwalla, ya kama hannun uwarsa.

"Mama, na sayi Fontebigia. Na dawo mana da gidanmu."

"Gidan wa?" in ji Ersilia. "Ko ƙusa ba mu da ita a gidan nan. Kangon ne ka saya? Da hankalinka?"

"Masauki za mu mayar da shi, Mama," in ji Ombretta. "Baƙi daga ƙasashen waje suna son su zo su huta a gona, su ga inabi, su sha giya, su hau garin su ga tarihi."

"Su huta a gona." Ersilia ta maimaita kalmomin a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ya fara tsami. "To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya huta a wurin nan ba sai wanda aka fitar a makara."

Aka yi gyara. Inda jujin taki yake a da aka haƙa wurin iyo, aka shafa masa shuɗin fenti. Karkiyar shanu aka goge da mai aka rataye a bangon ɗakin cin abinci. Har tukunyar fitsarin dare da aka tono a kangon Ombretta ta wanke ta zuba furanni ta ɗora a kan tebur. Da Ersilia ta gan ta daga baya ta gane ta, ta kakarta ce, amma ba ta tona ba, don abin ya yi mata daɗi ta ga Amurkawa suna sunkuyawa suna shinshina furannin.

Baƙi kuwa suka zo. Manya-manyan mutane da gajerun wanduna da faffaɗan huluna, fatarsu ta yi ja kamar dafaffen ƙaguwa. Da safe a ba su almakashi da ɗan kwando su shiga tsakanin kurangar inabi, su yanki nono biyu ko uku, su ɗauki hoto, su dawo suna haki su zube a bakin ruwa, wai sun yi aikin gona. Da yamma su hau garin su yi ta ɗaukar hoton kyanwa da shanyar kamfai. Su dawo su zauna suna jujjuya giya a kofi, suna cusa hanci, suna cewa suna jin ƙanshin fata da taba da busasshen ganye. Settimio a tsaye yake shan tasa, daga bakin gora, don ya samu ƙarfin komawa noma.

Da ma Ersilia daga nesa take jin wannan labari, sai ranar da Ombretta ta zo ita kaɗai da wani ƙunshi.

"Mama, abu ɗaya ne ya rage mana. Duk masaukan da ke kewaye da mu suna da kaka. Baƙi suna tambaya, ina kakar gidan? Suna son su ga tsohuwa tana murza taliya da hannu kamar yadda ta koya wurin uwarta."

"Uwata ba ta koya mini ba. Ba ta da lokaci, ni ma ba ni da sha'awa."

"Ba wanda zai sani."

Ta kwance ƙunshin. Baƙar riga ce har ƙasa, da gyauton ɗaurawa a ƙugu mai zanen ƙananan furanni, da ɗankwali. A birnin Firenze aka sayo su, a shagon kayan wasan kwaikwayo.

"Ɗankwalin saboda jan gashin ne," in ji Ombretta. "Kin san ba su saba ganin kaka da irinsa ba."

Ersilia ta nuna mata ƙofa. Amma washegari Nedo ya zo, ya rame, idanunsa sun faɗa, ya zauna a kujerar ubansa yana murza hannu bai iya roƙon ba ma. Raunin Ersilia ke nan a duniya. Ta yi tsaki ta ce ya kawo rigar. Taliyar hannun da ake kira pici kuwa, a shirin girki na talabijin ta koye ta, wurin wani mai gemu ɗan Napoli.

Haka ta zama Kaka Ersilia. Ranar Talata da Alhamis Nedo yakan ɗauko ta a mota, ta sauya kaya a ɗakin wanki, ta fito ta tsaya a bayan dogon katako, baƙi sun kewaye ta da wayoyi. Ba ta jin Ingilishi, su kuma ba sa jin karin harshen ƙauyen. Nan ta samu abin da ya sa aikin ya zama mai yiwuwa. Takan dubi wani ƙaton mutum da ya dagula ƙullu har gwiwar hannu, ta ce, "Dubi hannu kamar na jariri. Wannan ko wandonsa ban yarda shi ke ɗaurawa ba." Sai Ombretta ta kunna murmushi ta fassara: "Kaka ta ce kana da hannun mai fasaha." Mutumin ya dafa ƙirji, matarsa ta share ƙwalla. Wata rana ta ce wa wata mata, "Abin da kika murza ɗin nan ko alade sai ya yi shawara kafin ya ci." Ombretta ta ce, "Kaka ta ce kin tuna mata da ƙanwarta." Matar ta rungume ta, ta goga mata man kariyar rana a kumatu.

Ana cikin haka, wata Alhamis ta fito daga ɗakin wanki tana gyara ɗankwali, sai ta ga wani tsoho dogo a tsakar gida, sanye da kwat mai kauri duk da zafin rana, gwiwar hannun kwat ɗin ta ci faci, ga zobe mai hatimi a ƙaramin yatsa. Tsufa ya tsotse shi, hancinsa ya yi ja, amma yadda ya ɗaga haɓa yana kallon gidan kamar mai shirin ba da umarni a rushe shi, bai sauya ba.

Ademaro ne. Kowa a Montecorbo ya san yadda ya ƙare. Ya gaji tuddan nan duka, ya cinye su ɗaya bayan ɗaya a teburin caca da wuraren shaƙatawa na bakin teku. Matarsa ta tafi, 'yarsa tana Landan ba ta ɗaga waya. Babban gidansu wani kamfanin ƙasar waje ya mayar otal. Shi kuma yana zaune a wani ɗaki mai laima a bayan kantin magani, cikin tsohon gari. Ombretta ce ta gano shi, ta lissafa cewa in baƙi suna son kaka, to Konte na gaske sai ya fi tafiya da hankalinsu. Aikinsa shi ne ya zuba musu giya ya ba su labarin kakanninsa.

"Mama, ga Konte Ademaro," in ji Ombretta. "Ranka ya daɗe, surukata ce. A gidan nan aka haife ta."

Ya kama hannun Ersilia mai gari ya sunkuya kamar zai sumbata. "Baiwar Allah, 'yar wa ce ke?"

"'Yar Settimio."

"Settimio." Ya lumshe ido yana nema. "Ba mai gurguwar alfadarar nan ba?"

"Ba mu taɓa yin alfadari ba."

"Mutumin kirki ne dai," in ji shi, ya saki hannun, ya goge garin a jikin kwat ɗinsa.

Ta so a ce ƙarya yake yi. Da ta lura da shi na 'yan kwanaki sai ta gane da gaske bai tuna ba, kuma wannan ya fi ƙona mata rai. Ta sa masa ido. Ta ga yadda yake riƙe kofi a gaban baƙi, yana magana da Ingilishin da ya koya wurin mai renonsa, mata suna narkewa. Ta kuma ga abin da yake yi in sun watse: ya bi kofuna ɗaya bayan ɗaya yana shanye ragowar da suka bari, ya naɗe guntun cuku da burodi a hankici ya tura aljihu, yana waige-waige. Ran nan idonsu ya haɗu. Ya miƙe ya ce, "Na tsuntsaye ne."

"Tsuntsayenka suna cin cuku," in ji ta. "Masu gata."

Ƙarshen kakar inabi Ombretta ta shirya walima da rana tsaka, dogon tebur a ƙarƙashin rumfar kuranga. Ainihin masu tsinkar inabin, 'yan ci-rani da aka ɗauko da kwangila, an sallame su tun safe don kada su ɓata hoto. Aka zaunar da Konte a kan tebur, Kaka a gefensa. Aka ci miyar burodi da wake, aka ci pici da naman gadu, aka sha. Da giya ta ratsa Ademaro sai ya miƙe da kofi a hannu. Ya yi maganarsa da Ingilishi, sannan don ya burge, ya juyo ya maimaita wa Ersilia da harshensu.

"Na gaya musu yadda muke a da. Iyali ɗaya ne mu da manomanmu. Mahaifina ya san sunan kowane yaro. Ba mai kwana da yunwa. Mahaifin wannan baiwar Allah kamar ɗan'uwa yake a wurinmu. Ranar da suka zaɓi su tafi birni, gidanmu har kuka aka yi."

Ersilia ta ajiye cokali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Fito kake yi ranar," in ji ta. "Kana cikin mota kana shafa kare. Ba zaɓa muka yi ba, korar mu aka yi, cikin sanyi, uwata tana da ciki. Ubana yana tsaye a can, daidai inda waccan mai jar rigar ta ajiye jakarta, ya cire hula yana ce maka ranka ya daɗe, kai ko saukowa ba ka yi ba. Cikin nan bai zo da rai ba. Yanzu ga ka nan kana lashe kofunan baƙi, kana satar cuku a gidan jikan ubana. Zauna, malam. Ka isa haka."

Ombretta ta kunna murmushi. "Kaka ta ce tana tuna..."

"Ba haka ta ce ba."

Wata dattijuwa ce daga Ostireliya, mai suna Glenda, wadda iyayenta suka yi ƙaura daga wani ƙauye a bayan dutsen, ta tashi da karin harshen a kunnenta. Duk kwanakin nan tana jin zagin da Ersilia ke yi, tana kame dariya. Ta miƙe ta fassara maganar tiryan-tiryan, har cukun ba ta bari ba.

Nedo ya sunkuyar da kai. Fuskar Ombretta ta yi fari. Ersilia ta ji wani sanyi ya sauko mata a ƙirji, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta ɗauka yanzu za su tashi su haɗa jakunkunansu, ko aƙalla abincin ya tsaya musu a wuya.

Sai wani ya fara tafi. Sauran suka ɗauka. Mata suna kuka, maza suna girgiza kai suna cewa wannan shi ne abin gaske, wannan suka zo nema. Wayoyi suka tashi sama. Wata ta roƙi a sake faɗar maganar hular don ba ta kunna wayarta da wuri ba. Ademaro kuwa, da ya ga inda iska ta kaɗa, sai ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai kamar mai tuba, ya bar hawaye ɗaya ya gangaro. Aka tafa masa shi ma. Aka ƙara masa giya.

Kafin mako ya zagayo hoton bidiyon ya bazu. Masu kama ɗaki suka riƙa tambaya ko za su samu ganin kaka mai faɗa. Ombretta ta zo da fara'a ta gaske a karon farko.

"Mama, kin ceto mu. Duk Alhamis za mu riƙa yi. Konte ya yi jawabinsa, ke kuma ki mayar masa. Ni zan fassara daidai, ba ragi. Ki dai ja maganar hular nan, ita ta fi taɓa su. In za ki iya nuna yadda ya riƙe ta, da kyau."

"Shi ya yarda?"

"Har ya ce zai iya durƙusawa in ana so."

Ersilia ta yi Alhamis ɗin farko, tana gaya wa kanta cewa ai gaskiya take faɗa, kuma gara a ji. Ta yi ta biyu. A ta ukun ne, tana tsakiyar magana, ta zo wurin hular, sai ta ji kanta ta dakata. Ta ɗaga hannu ta ɗora a ƙirji, ta yi shiru daidai gwargwado don Ombretta ta fassara, kunnenta yana jiran wurin da matan suka saba jan numfashi. Ta ma ƙara wani abu da ba a yi ba, wai ana zuba dusar ƙanƙara ranar. Ta dubi Ademaro, ya riga ya shirya hawayensa yana jiran layinsa. Ta dubi hannunta a kan ƙirjinta. Duk raina mutanen da ta yi a rayuwarta, ba ta taɓa jin ƙyama irin ta wannan lokacin ba, kuma ba baƙin take ƙyama ba.

Ba ta ƙarasa ba. Ta kwance gyauton ta ajiye a kan tebur, ta zare ɗankwalin, jan gashinta ya fito. Baƙi suka ɗauka cikin wasan ne, suka gyara wayoyi. Ta ratsa su ta wuce, ta bi farar hanyar da ke tsakanin itatuwa har bakin titi. Nedo ya biyo ta a mota yana tafiya a hankali a gefenta.

"Mama, ki shiga mana. Me aka yi miki?"

"Ba a yi mini komai ba. Ka koma wurin baƙinka, giyarsu za ta huce."

"To ki bari in kai ki gida."

"Bas zan hau. Matar direba ce ni."

Ba ta sake taka Fontebigia ba. Ombretta ta yi fushi na ɗan lokaci, sannan ta ɗauko wata mata 'yar ƙasar Moldoba da ke jinyar tsofaffi a garin, ta ɗaura mata ɗankwalin, ta ce kada ta buɗe baki, ta yi murmushi kawai. Ba baƙon da ya lura. Har wasu suna cewa ta fi kama da kakar Tuskani.

Da sanyi ya kama sai masaukin ya rufe, garin ya koma na tsofaffi da kyanwoyi. Wata Lahadi da hantsi aka danna ƙararrawar Ersilia. Ta buɗe ta ga Ademaro, ya yi aski har ya yanke haɓa, yana riƙe da furanni uku da ta tabbata daga maƙabarta ya tsinko su. Ta bar shi ya shigo don maƙwabciyarta ta riga ta leƙo. Ya zauna a bakin kujera, yana ta matsawa kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki har ya manna bayansa. Ta ba shi kofi. Ya riƙe shi da hannu biyu yana ɗumama yatsu.

Ya yi doguwar shimfiɗa, kan kaɗaici, kan tsufa, kan yadda su biyu kaɗai suka rage da suka san duniyar da ta wuce. Sannan ya gyara kwat ya ce ya zo neman aurenta ne. Ba shi da abin da zai ba ta sai sunansa, amma suna ne da ya daɗe a ƙasar nan, za a riƙa ce mata Kontesa, wato matar Konte.

Ersilia ta kunna sigari, ta dube shi tun daga takalmin da ya buɗe baki har zuwa yankan haɓar.

"Ni kake so ko ƙarfen da ka jingina da shi?"

Sai ya ce, da wata ƙaramar murya da ba ta taɓa ji daga gare shi ba, "Ruwa ne ke tsattsafowa ta bangon ɗakina. Bargon ma a jiƙe yake."

"To ka faɗi haka mana. Kontesa. Ka riƙe sunanka, ka ga ko zai dafu." Ta tashi ta shiga kicin, ta zubo miyar wake a robar ajiye abinci, ta rufe ta miƙa masa. "Aure dai babu. Ko maza sun ƙare. Ka dawo mini da robata a wanke."

Ya dawo da ita Lahadin da ta biyo, ba a wanke ba, don bai taɓa wanke komai ba a rayuwarsa. Ta zage shi tas, ta sake cika masa. Haka suka yi ta yi duk tsawon sanyin. Yakan zo ya manna bayansa a bango, ya ci abin da ta ajiye masa, ya yi gyangyaɗi bakinsa a buɗe, ita kuma ta ƙara ƙarar talabijin. Ba ta taɓa kiransa Konte ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba ma, "kai" kawai take cewa. Da Nedo ya ji labari ya ce, "Mama, ashe kina da tausayi haka."

"Ba tausayi ba ne," in ji ta. "Ina son in ga yadda yake cin abinci ne. Ka taɓa ganin yadda yake side cokali?"

Bai kai ƙarshen sanyi na biyu ba. Wata Lahadi bai zo ba, ta zuba miyar ta mayar tukunya tana mita. Da yamma Nedo ya bugo waya ya ce mai kantin magani ya ga ƙofar a rufe tun jiya, aka ɓalle, aka same shi a kan kujera da kwat ɗinsa a jiki. Ya ce 'yar ta ce ba za ta samu zuwa ba, Ombretta kuma tana tunanin ko za a yi masa ɗan taro a gona in baƙi sun dawo.

Ersilia ta juya tana kallon tukunyar miyar, har Nedo ya ɗauka layin ya yanke.

"Mama, kina ji na?"

"Ina ji. Yaushe za a binne shi?"

"Jibi da safe. Za ki je?"

"Wa zai je in ban je ba? Ka zo ka ɗauke ni. Kuma ka gaya wa mai kantin maganin kada su zubar da kayan ɗakin tukuna. Robata mai shuɗin murfi tana wurinsa."